Waƙar da Ba Ta Ambaci Kowa Ba

'Ya'yana, tun ranar da Nafisa ta faɗo falo da waya a hannu tana cewa, "Baba, wai fa ka mutu," na san dole in zauna in rubuta muku wannan. Wani ne ya ɗora tsohuwar waƙarmu a intanet, har da hoton bangon kaset ɗin, ga ni nan a tsakiya da suma buya-buya da wata rigar da ko almakashi ba zai so ta ba. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu. Wani ya ce mai waƙar ya rasu a haɗarin mota wajen Kwatarkwashi. Wani ya ce a'a, mahaifinsa ne ya tsine masa, ya bi duniya. To ga ni dai zaune ina shan maganin hawan jini, kuma kakanku Malam Isa bai taɓa tsine wa ko akuya ba. Abin da ya faru bai kai haka tsanani ba. Sai dai ni da ya faru a kaina, har yau ban gama gane shi ba, don haka zan ba ku shi yadda yake, ko ku kwa gane.

Lokacin Gusau tana ƙarƙashin Sakkwato, ni kuma ina aiki a wani shagon kaset kusa da tasha, muna kwafar wa direbobi wa'azi da waƙoƙin noma da na dambe. Gida yana Tsafe, inda Baba yake sana'ar hatsi, nakan je duk jajibirin kasuwa in taya shi awo. A shagon na haɗu da Ishaya. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga kudancin Kaduna, amma shi a Sabon Garin Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsami. Shi yake kaɗa musu piyano a coci. Wata rana ya kawo wani kaset na Turawa in kwafa masa. Na sa a rikoda ina jiran hayaniya irin ta disko, sai na ji jita tana tafiya a hankali kamar mai tsoron tada barci, ganga tana bin ta a baya, mutum yana rerawa kamar da kai kaɗai yake magana. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma sai da na mayar da shi farko. Ishaya ya ce yana da tsohuwar jita a gida, in ina so ya koya mini. Na ukunmu Lawali ne, mai gyaran rediyo ɗan Bunguɗu, wanda ya haɗa gangunansa da hannunsa, rabi na kanti rabi fatar akuya. Mukan haɗu bayan la'asar ƙarƙashin wani marke a bayan shagonsa, shi ya sa da aka ce sai mun yi suna muka ce Inuwar Marke.

Ranar da na fara zuwa Tsafe da jitar, cikin buhu na sako ta. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ga wuyan abin ya leƙo.

"Wagga wace irin garaya ce mai faɗin ciki haka?"

"Jita ce, Inna."

"Kiɗan mi aka yi da ita? Na noma ko na buki?"

"Ba ko ɗaya. Ishaya ya ce sunan kiɗan sof-rok. Wai in an fassara, dutse mai laushi."

Ta ɗaga kai ta dubi duwatsun da ke leƙo mu ta saman katanga, ta ce, "Ni dai tun da anka kawo ni garin ga ban ga mai laushi ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Tambayar Baba ta fi tata nauyi. Ku da kuka tashi da waya ba za ku gane ba, amma a ƙasarmu waƙa tana da mai ita. Ta sarki ce, ko ta gwanin noma, ko ta ɗan dambe, ko ta attajiri. Ana kiran sunansa da na ubansa da na garinsu, shi kuma ya yi kyauta. In ba yabo ba ce, to zambo ce ko habaici, su ma da wanda aka nufa. Baba ya juya jitar ya ƙwanƙwasa bayanta kamar mai duba ƙwarya.

"Wa ad da ku?"

"Ba mu da ubangida, Baba."

"To wa za ya ba ku riga?"

"Mutane za su sayi kaset."

"Su sayi waƙar da babu sunansu ciki?"

Na ce haka ake yi a wasu ƙasashe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce abin nan dai ya tsaya a zaure, kada ya shiga cikin gida. Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Haka maganarsa take tun muna yara, ya ba ka rabi ka tafi neman sauran.

Dole a nan in gaya muku labarin Yaya Umaru, wanda kuka san sunansa kawai. Shi ne ɗan fari a gidanmu. Ina ƙaramin saurayi suka sami saɓani da Baba a kan wata gona ta wajen Ruwan Ɓore, ban san tushen maganar ba har yau. Da safe ya ɗauki jakarsa ya ce za shi Kurmi da motar hatsi. Ni na raka shi bakin titi. Ya hau bayan motar ya zauna kan buhuna, ya ba garin baya. Da farko ana samun saƙo ta bakin direbobi, an gan shi nan, an gan shi can, daga baya shiru. A gida ba a ambatonsa. Sai dai ku lura, iyayenmu dama ba sa kiran sunan ɗan fari saboda kunya, ko yana nan "wancan" suke cewa. Don haka ban taɓa sanin shirun Baba fushi ne, ko kunyar ce kawai take ci gaba da aikinta.

Da damina muka ɗauki kaset ɗin. Lawali ya samo wani mutum mai na'urar ɗaukar sauti da ya zo daga Kaduna yin wani aiki, ya yarda ya ba mu 'yan kwanaki. Gusau ta yi hayaniya, sai muka kwashi kaya zuwa Bunguɗu, gidan kawun Lawali da ke bakin gulbi. Muka jingina katifu a bango, muka toshe taga da barguna, muka kai janareto can cikin gonar gero da doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga. Zafin ɗakin sai wanda ya shiga. Ishaya yana kaɗawa gumi yana ɗiga kan piyano. Zakaran gidan kuwa duk lokacin da muka yi shiru za mu fara, shi ma sai ya fara. In kuka saurari waƙa ta biyu da kyau za ku ji shi, mun gaji muka bar shi a ciki. Waƙoƙin duk na abubuwan da ke gabanmu ne: ruwan sama kan kwano, jiran mota a tasha, wata yarinya mai sayar da gyaɗa da Lawali yake so bai taɓa gaya mata ba. Ta ƙarshe ni na kawo ta, ban taɓa rera musu ita ba sai ranar. Farkonta shi ne wanda kuka ji a wayar:

Na ga bayanka a bakin titi,
Iska tana wasa da rigarka,
Na ɗaga hannu, ba ka waiwayo ba.

Da muka gama, mai na'urar ya cire abin kunnensa. Lawali ya ajiye sandunansa ya ce, "Bello, wace ɗiya ta yi maka haka?"

"Ba mace ba ce. Ba ka ji 'bayanka' na ce ba?"

"Haka kowa ka ɓoyewa," in ji shi.

Da kwalayen kaset suka iso daga Kano inda aka buga su, mun ɗauka garin zai tsaya. Garin bai ma san an yi ba. Direbobin da na tura wa suka ce kiɗan barci yake sa su, so muke su faɗa rami. Wani ɗan kamasho ya dawo da nasa ya tambaye ni da gaske ko batir ɗinmu ne ya yi sanyi lokacin ɗauka. Masu shagunan kaset suka rasa inda za su jera shi, wani ya sa shi cikin na Indiya, wani cikin na coci. Har mun fara haƙura, sai waƙar ƙarshen nan ta tashi da kanta, ban san ta yaya ba. Ka ji ta a shagon tela, ka ji ta a motar Funtuwa, ka ji mai shayi yana bin ta da baki. Kuma tun da ba ta ambaci kowa ba, sai kowa ya nemo mata mai ita. Wata mata ta taso tun daga 'Yankuzo ta tsaya a ƙofar shago da mayafinta tana tambayar wa ya ba ni labarin mijinta. Na rantse mata ban san shi ba, ta tafi ba ta yarda ba. Ni murna nake yi ko tsoro nake ji, ban sani ba. Mun yi abu, ya fita hannunmu, yana yawo yana faɗin abin da ba mu ce ba.

A Tsafe kuwa an riga an yanke. Baba yana da amini, Alhaji Mamman, mu Baba Mamman muke ce masa. Tun suna samari rumfarsu ɗaya, tiyarsu ɗaya, shi ya raɗa mini suna. A farkon shekarar da muka yi kaset ɗin ya raba hajarsa da ta Baba ya koma Gusau da 'ya'yansa, kuma ya tafi ranar da Baba yake ƙauye, ba su yi sallama ba. Ba faɗa suka yi ba, amma kowa ya san abin ya yi wa Baba ciwo. Sai ga ɗan Malam Isa ya fito da waƙar wani da ya tafi bai waiwayo ba. Dillalai suka ce ai magana ta fito, Malam Isa ya sa ɗansa ya yi wa amininsa habaici da kiɗan Nasara. Yara suka riƙa rera ta in motar 'ya'yan Baba Mamman ta shigo kasuwa. Shi kuma ya aiko da saƙo cewa ya ji, ya gode, Allah ya saka.

Wata rana da na je gida, da hantsi Baba ya sa aka kira ni. Yana zaune kan buzunsa a tsakar gida, Inna tana bakin murhu ta ba mu baya.

"Kai kac ce mini waƙarku ba ta da mai ita."

"Haka ne, Baba."

"To ga shi gari ya ba ta. An ce ni na sa ka. Mutumin da munka ci ƙwarya ɗaya da shi tun ba a haife ka ba. Wa kaka nuhi da ita?"

In na ce Baba Mamman, na yi ƙarya kuma na tabbatar da sharrin. In na faɗi gaskiya, na kira sunan da ban taɓa jin an kira a gabansa ba tun ranar da motar nan ta tashi. Na ce, "Ba kowa, Baba."

"Ba a yi wa ba-kowa kuka haka."

Nan na san ya saurare ta, ban san a ina ba. Na sunkuyar da kai ina kallon tururuwa. Sai Inna ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Malam, bar wahal da yaro. Kai ma ka san ko wane ne. Wa ya raka shi bakin titi?"

Na jira tsawa, ba ta zo ba. Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce in ɗauko rikoda da kaset ɗin, za mu Gusau.

Duk hanya rikodar tana kan cinyata. Muka sami Baba Mamman a sabon shagonsa cikin buhunan masara, da mutane kewaye da shi. Ya amsa sallama a daƙile, ya sa aka kawo benci. Baba bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce mini, "Sa ta." Na sa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba: muryata tana fita daga rikoda a tsakiyar kasuwar hatsi, 'yan dako sun tsaya da buhu a ka, dattawa biyu suna kallon ƙasa. Da ta ƙare, Baba ya ɗago.

"Mamman, wagga waƙa ba taka ba ce. Ta Umaru ce."

Ya faɗi sunan a fili, gaban mutane. Baba Mamman ya dube shi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Isa, wallahi ban kawo shi a raina ba." Sannan ya ce, "Ni ma da na zo in yi maka sallama ban iya ba, shi ya sa na tahi ba ka nan." Baba ya ce ya sani. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa kan bencin nan har aka kira azahar, suna maganar farashin dawa kamar ba abin da ya faru.

A motar komawa ina jin kamar an sauke mini buhu. Mun wuce rabin hanya, Baba yana kallon gonaki ta taga, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ya isa hakanan."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Na jira ƙari, babu. Me ya isa? Waƙar ce ta isa, in bari? Gabar da Baba Mamman ce ta isa? Ko shirun da aka yi a kan Yaya Umaru? Ko da kansa yake magana ba da ni ba? Na juya kalmomin nan har muka sauka, na kwana da su, na tashi da su.

Ba a daɗe ba wani mai harkar kaset a Kaduna ya aiko yana son mu koma can, zai ba mu wurin wasa a wani otal, kuma ya ɗauki nauyin kaset na biyu. Ishaya da Lawali har sun fara ɗaure kaya. Na same su ƙarƙashin marken na ce ni ba za ni ba, Baba ya ce ya isa.

"Ya ce ka bar waƙa?" in ji Lawali.

"Ya ce ya isa hakanan."

"Mi ya isa?"

"Ban sani ba."

"To ka koma ka tambaye shi mana! Tsafe ce, ba Makka ba!"

"Ba a tambayar Baba me yake nufi."

Lawali ya jefar da sandar gangarsa har ta faɗa kwata. Ya ce mun sha zafin ɗakin nan tare, yanzu ƙofa ta buɗe zan rufe musu ita a kan maganar da ni kaina ban gane ba. Ishaya bai yi faɗa ba. Ya ce in riƙe jitar, ya bar mini. Sun tafi su biyu, sun nemi wani mai rerawa, abin bai yi ba. Ishaya ya zauna can yana koyar da kiɗa, muna gaisawa har yanzu. Lawali ya dawo Bunguɗu ya ci gaba da gyaran rediyo. In mun haɗu a wajen jana'iza mukan gaisa da kyau, amma bai ƙara zama kusa da ni ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma na koma Tsafe na shiga rumfar Baba. Da ita na auri mahaifiyarku, da ita kuka yi karatu, ba na raina ta. Ranar da na fara zama a rumfar na saci kallon fuskarsa ko zan ga jin daɗi ko akasinsa. Ya miƙo mini tiya ya ce in auna wa wata mata gero. Shekarun da muka yi tare a wurin, bai taɓa tada maganar waƙa ba, ni ma haka. Jitar kuma tana zaure, bai ce a shigo da ita ba, bai ce a fitar ba. Yaya Umaru bai dawo ba, ba mu kuma ji labarinsa ba.

Bayan rasuwar Baba, da aka watse daga zaman makoki, wata safiya na shiga gaida Inna na same ta tana tsince wake a faifai. Muna hira sai ta ce, kamar mai maganar ruwan sama:

"Har ya koma ga Allah yana jiran na biyun."

"Na biyun me, Inna?"

"Kaset ɗinku mana. Yakan ce, yaron ga mi ya hana shi yin wani?"

Na ce mata ai shi ya ce ya isa. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ba ta cikin motar. Abin da ta sani, tun daga ranar da muka dawo daga Gusau, yakan aiki a sayo masa kaset ɗin a ɓoye, ba daga shagonmu ba. Duk motar da ta yi lodin hatsi za ta Kurmi, sai ya ja direban gefe ya ba shi ɗaya, ya ce in sun isa can su riƙa sa shi da ƙarfi a tasha, ko wani ya ji ya gane muryar gida. Ya yi ta yi har kaset ɗin ya ƙare a kasuwa. Ta ce da ya ƙare, ya daɗe yana cewa da akwai sabo, da direbobin ba su gaji da sawa ba.

A rumfa ɗaya muke zaune da shi duk lokacin nan. Ni nake ƙirga buhunan da ake loda wa motocin. Na sha ganinsa yana jan direba gefe, na ɗauka sallahun goro yake bayarwa.

Na ce, "Inna, kina gani na bar abokaina, na bar komai, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ɗago ta dube ni da mamaki na gaske, wake a tafin hannunta.

"Mu mun ɗauka kai kag gaji," in ji ta. "Shi yana jin nauyin ya tambaye ka."

Ta zubar da tsakuwar da ta tsinto, ta miƙo mini faifan ta ce idanunta sun gaji, in ƙarasa mata. Na karɓa na zauna a bakin tabarmar ina tsincewa.